Inda ake yada zango a hamadar Amurka, da inda ba a yi

Da zarar zafi ya fara sauka a watan Oktoba, dubban mutane daga arewacin Amurka da Kanada kan ɗaure kaya su nufi hamadar jihohin Kaliforniya da Arizona. Wasu da tanti a bayan mota, wasu kuma cikin manyan motocin nan da aka ƙera tamkar gida, masu gado da madafa da banɗaki. Garin Quartzsite na Arizona, wanda mazaunansa ba su kai dubu uku ba, yakan cika maƙil da irin waɗannan motoci a watan Janairu.

Baƙon hamada yakan ɗauka cewa ƙishirwa ce kaɗai abar tsoro. Amma wurin da ido ya fi so, wato shimfiɗaɗɗen rairayi mai laushi a tsakanin duwatsu, ga 'yan itatuwa masu inuwa, galibi busasshen rafi ne. Ƙasar hamada ba ta da ciyayin da za su riƙe ruwa, don haka duk abin da ya zuba a kan tsaunuka sai ya gangaro lokaci guda, ya kwaso laka da duwatsu. Ba sai hadari ya haɗu a kan mutum ba. A ranar 12 ga Agustan 1997, ambaliya ta halaka masu yawon buɗe ido 11 a kwazazzabon Antelope da ke Arizona, alhali ruwan da ya haddasa ta can nesa ya sauka. A ranar 5 ga Agustan 2022 kuma, ruwan 'yan sa'o'i ya datse hanyoyin gandun Death Valley, wato Kwarin Mutuwa, ya rutsa da mutum kusan 1,000, ya binne motoci kimanin 60 cikin laka da tsakuwa.

Mutanen Agadas a Jamhuriyar Nijar sun san wannan darasi, domin a farkon Satumban 2009 ruwan da ya sauka a tsaunukan Abzin ya biyo korin Telwa ya rushe gidaje masu yawa a birnin. Alamun ma iri ɗaya ne ko'ina: ƙirare da busasshiyar ciyawa maƙale a jikin itace, duwatsu masu santsi, da rairayi mai zanen gudun ruwa. Wanda ya ga haka, musamman tsakanin Yuli da Satumba lokacin da ake tsawa da ruwa a yankin, tudu ya kamata ya hau, ko da ƙasar can ta fi tauri wajen kafa turakun tanti.

Tudun yana da wani amfanin. Duk hawan mita 1,000, zafi kan ragu da digiri shida da ɗoriya. Zangon Furnace Creek da ke tsakiyar Kwarin Mutuwa yana ƙasa da matakin teku da kimanin mita 60, kuma a yankin ne aka auna digiri 56.7 a ma'aunin Selsiyus ranar 10 ga Yulin 1913. A watan Janairu wuri ne mai daɗin zama. A watan Yuli kwana cikin tanti a can ganganci ne. Zangon Mahogany Flat kuwa, a cikin gandun ɗaya, yana kan tsayin mita kusan 2,500. Nan ne mafakar masu gudun zafi, sai dai da hunturu dusar ƙanƙara kan toshe hanyarsa. Mai babbar mota ma ba shi da rabo a can, domin hanyar da ke hawa wannan ɓangare ba a yarda motar da ta wuce ƙafa 25 ta bi ba.

Ruwan sha kuwa, kada sunan wuri ko shahararsa ta ruɗi matafiyi. A gandun Joshua Tree, zangon Jumbo Rocks shi ne mafi girma, amma babu famfo ko ɗaya. Sai a Black Rock da Cottonwood ake samun ruwa. Hukumar kula da gandayen ƙasar na ba da shawarar aƙalla lita huɗu ga mutum ɗaya a kullum, kuma wannan na sha ne kawai, ban da girki da wanka. Wanda ya dace da tafki ko idon ruwa ma bai kamata ya maƙale masa ba: dokar Arizona ta hana yada zango ƙasa da mita 400 daga mashayar da namun daji ko dabbobin kiwo suka dogara da ita.

Akwai masu gudun biyan kuɗi da cunkoso, su shiga filayen gwamnatin tarayya da hukumar kula da filaye ta BLM ke riƙe da su. A mafi yawan waɗannan filaye ana kwana kyauta har tsawon kwana 14, sannan a tashi. Masu son cin hunturu gaba ɗaya kan yanki takardar izini ta wurare na musamman, kamar La Posa kusa da Quartzsite, wadda ke aiki daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. A filin kyauta babu famfo, babu banɗaki, sau da yawa babu layin waya, kuma babu ma'aikacin da zai leƙo da safe.

A irin wannan wuri, gogaggun matafiya ba sa kutsa mota kai tsaye. Sukan sauka su taka ƙasar da ƙafa tukuna, saboda rairayin da ya ɗauki mutum yana iya haɗiye tayoyin mota mai nauyin tan biyar, kuma kiran motar janwe daga nesa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Sukan nemi inda wasu suka taɓa sauka, domin baƙin ɓawon da ke rufe ƙasar hamada halittu ne masu rai da ke hana iska kwashe ta, kuma idan taya ta murƙushe shi sai ya shekara da yawa bai farfaɗo ba. Sukan kuma iso tun rana na sama, su juya bayan tanti ga iska, su bar wa wani a gida sunan wurin da ranar komowa.