Makarantar da ke lungun 'yan waya

Tun kafin ka gama sallamar mai adaidaita sahu samari sun kewaye ka. "Alhaji, gyara ne ko saye?" "Hajiya, musaya za a yi?" Haka ake tarbar baƙo a kasuwar 'yan waya ta Farm Centre da ke ƙaramar hukumar Tarauni a birnin Kano, wadda bakin jama'a ya mayar Fam Santa. Daga bakin titi za ka fara cin karo da shagunan sababbin wayoyi a kwalayensu, Tecno da Itel da Infinix da Samsung, sai akwatunan gilashi na 'yan hannu, sai masu caja da batir da rigar waya da gilashin kare sikirin. Wannan duk ciniki ne irin na kowace kasuwa, a taya, a yi albarka, a sallama. Abin da ke riƙe ni a nan yana can ciki, a lungunan da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace, inda ƙaurin dalma ke haɗuwa da hayaƙin janareto, kuma kowane mai teburi sunansa Injiniya.

Sana'ar gyaran waya ba ta tsufa ba. A watan Agustan 2001 ne kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Najeriya, Glo ya biyo baya a 2003. A lokacin layi kaɗai kan ci dubban nairori masu yawa, wanda ya riƙe Nokia 3310 kuwa ana kallonsa a unguwa. Babu makarantar da ta shirya wa zuwan wannan abu, don haka waɗanda suka fara buɗe cikin waya su ne waɗanda hannunsu ya saba da rediyo da kaset da talabijin mai ƙusumbi, irin masu gyaran da ke Sabon Gari, tare da samarin da ƙarfin hali ya ja su. Cinikin waya ya yi ƙarfi a titin Beirut na Kano, Farm Centre ta bunƙasa. Yau kayan gyara na tasowa daga birnin Shenzhen na ƙasar Sin, wasu su ratso ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, su sauka Kano, daga nan 'yan sari su kwasa zuwa Katsina da Dutse, har Maraɗi da Damagaram.

Yaron da zai koyi gyara kan zo ne a hannun mahaifinsa ko yayansa. A gaisa, a ce, "Ga ɗanka nan, a koya masa abin da zai riƙe kansa." Wani maigidan kan karɓi kuɗin koyo, wani ya ce a bar shi don zumunci. Watannin farko yaron ba ya taɓa wayar kowa. Shara ce tasa, da tayar da janareto, da aike: "Je wajen masu kaya ka karɓo sikirin ɗin wannan, ka tabbata an gwada a gabanka." Iyaye da yawa kan ga kamar ɓata lokaci ne. Ni ban ga haka ba. A wannan zirga-zirgar yake sanin cewa wayoyi biyu masu kama da juna sikirin ɗinsu ya bambanta, yake gane orijina da jabu daga nauyi da haske, yake sanin mai kayan da ke karɓar abu idan bai yi ba da wanda ba ya karɓa.

Sai ranar da maigida zai jawo kwali daga ƙarƙashin teburi. A cikinsa matattun wayoyi ne, waɗanda suka sha ruwa, da waɗanda mota ta taka, da waɗanda masu su suka haƙura. Wannan kwalin shi ne allon yaron. Za a ba shi sukundireba da hantsaki a ce ya kwance ya mayar, ya sake kwancewa ya sake mayarwa, har ya daina rage kusa ɗaya a kan teburi. Daga nan a miƙa masa ƙarfen narka dalma. Dalmar da aka saba da ita tana narkewa a wajen digiri 183, wadda kamfanoni ke liƙa wayoyin zamani da ita kuma sai ta kai wajen 217, shi ya sa ake ɗaga bulowa, wato na'urar hura iska mai zafi, ta haura digiri 300. Waɗannan lambobi kowa zai iya haddace su cikin minti ɗaya. Abin da ba ya haddatuwa shi ne tazarar da za a bari tsakanin bakin bulowa da fanel, wato allon cikin waya, da yadda ake juya hannu don kada zafi ya taru wuri guda, da ɗan ƙyallin da dalma ke yi a daidai lokacin da ta saki. Ka yi gaggawa ka fizgo ai-si, wato ɗan guntun na'urar da ke manne a fanel, da jijiyoyin fanel a jikinsa. Ka yi jinkiri fanel ya kumbura, ko iska ta kwashe ƙananan kayan da ke gefe, waɗanda wasunsu ba su kai ƙwayar riɗi ba. Yaro sai ya ƙona fanel da yawa kafin hannunsa ya daina rawa, kuma gara ya ƙona na kwali da ya ƙona na mutane.

A nan ne masu teburi suka kasu biyu, kuma wannan rabuwar ita ce ta fi damuna. Akwai mai gyara, akwai mai canji. A kawo wayar da ba ta caji. Mai canji ba ya tambaya, bakin caji zai cire ya sa sabo. In bai yi ba ya ce batir ne, in bai yi ba ya ce ai-si ne, mai waya na biya a kowane mataki, a ƙarshe a ce masa fanel ya mutu. Mai gyara kuwa zai fara da gwada wata cajar, sannan ya leƙa bakin cajin, domin sau tari ƙurar hunturu ce da zaren aljihu suka toshe shi, allura da burushi sun wadatar. In ba nan ba ne sai ya ɗauko mitar awon wuta. Ya san wutar da caja ta gama-gari ke kawowa bolt 5 ce, ya san lafiyayyen batir yana zama wajen 3.7, in ya cika ya kai 4.2 ko ya ɗan haura. Zai bi wutar daga bakin caji, gaɓa bayan gaɓa, har inda ta ɓace. In jijiya ce ta tsinke ya yi mata jamfa da waya siririya kamar gashi.

Na fi son kallon yadda ake farautar shot, wato inda wuta ta haɗe a hanyar da ba tata ba. Waya ta mutu ɗungurungum, mita na ƙara inda bai kamata ba. Maigida zai jona fanel da na'urar ba da wuta, ya ɗiga sifirit a kai, ya ce wa yaron, "Zuba ido." Wurin da ya fara bushewa nan ne zafi yake, nan ne ɓarnar take. Sau da yawa ɗan ƙaramin kafasito ne guda ɗaya. A ɗauke shi da hantsaki, a mayar da batir, sikirin ya kawo haske. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya fahimci abin da ake nufi da tafiyar wutar lantarki fiye da yadda zane a allon aji zai fahimtar da shi. Sai dai hannu ma yana da iyaka. Taswirar cikin waya da Turanci take zuwa, darussan YouTube da ƙwararrun kasuwar ke bi da dare, na masu gyaran Indiya da Pakistan, suna buƙatar mai iya karanta lamba da alama. Duk wanda na ga ya yi nisa a wannan sana'a, to ya haɗa hannu da karatu. Kuskure ne babba a cire yaro daga makaranta da sunan ya samu sana'a. Ya je aji da safe, ya zo teburi da yamma.

Akwai kuma darasin da ba a yi da mita. Waya a yau rumbun sirrin mutum ce, hotunan iyalinsa, saƙonninsa, asusun bankinsa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mai shayi da mai kayan miya ma da ita suke karɓar ciniki. Wanda ya miƙa maka wayarsa da lambar buɗe ta ya miƙa maka makullin ɗakinsa. Shi ya sa za ka ga mace ta tsaya a kan teburi awa biyu ba ta matsa ba, kuma tana da gaskiya. Maigida na ƙwarai yakan kori yaron da ya kama yana leƙa hotunan mutane, ko yana musanya batir mai kyau da gajiyayye. Haka a ɓangaren masu filashin, inda ake goge manhaja da kwamfuta a sake zuba ta: wanda ya kawo waya a kulle ya ce ya manta lamba, mai hankali kan nemi rasit ko kwali, don wayar sata ta sha kai marar laifi ofishin 'yan sanda.

Ba zan ɓoye abin da ke tayar mini da hankali ba. Yara na shaƙar hayaƙin dalma yini guda a rumfar da iska ba ta ratsawa, sannan su sa hannu a kwanon abinci ba su wanke da sabulu ba, alhali dalma guba ce mai taruwa a jiki a hankali. Kumburarrun batura na jibge a kwali kusa da galan ɗin fetur, wayoyin lantarki sun sarƙe a saman rumfuna. A ranar Babbar Sallah ta 2025 gobara ta tashi a wannan kasuwa ta cinye shaguna masu yawa, mutane suka wayi gari da jari suka kwana babu. An sake kafa tebura, aiki ya ci gaba, amma taga da tukunyar kashe gobara da wurin ajiye matattun batura nesa da wuta ba su fi ƙarfin shugabannin kasuwa da hukuma ba.

Kai kuma mai niyyar kai ɗanka ko ƙaninka koyon gyara, kada yawan jama'a a bakin rumfa ya ruɗe ka. Zauna ka kalli maigidan yana aiki ko da na rabin awa ne. Duba ko yana ɗaukar mita kafin ya ɗauki bulowa, ko yana gaya wa mai waya gaskiya idan gyaran ya fi ƙarfinsa. Sannan ka tambaye shi ya nuna maka kwalin matattun wayoyin da yaransa ke koyo da su. In babu, ka gode masa ka ƙara gaba.