Kaza da agwagwa, kowa da ɗakinsa

A Ƙaraye da Rogo na lura gidaje da yawa akurki ɗaya kaji da agwagi ke kwana. Daga nan asara take farawa. Agwagwa kan ɗauki cutar Nikasil tana yawonta garau, sai hunturu ya shigo ka ga ƙwai ya ɗauke, kaji suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ni dai na raba musu makwanci da mazubin ruwa. Kafin sanyi ya kama nakan ba kaji rigakafin Lasota a ruwan sha, kuma cikin ƙanƙara nake ɗauko shi, don zafi yana kashe shi. Kazar kasuwa kuwa, ware ta sati 2 kafin ka haɗa.

Allah ya sa wa kiwonmu albarka.