Ko Binciken Jami'a Yana Da Amfani a Masaƙa?

Ana yawan zargin malaman jami'a masu nazarin tafiyar da kamfani cewa rubuce-rubucensu a kan kanta suke tsufa, babu manajan da ke duba su. Zargin bai rasa tushe ba, amma abin da ya faru a Indiya ya nuna cewa binciken yana amfani idan ya sauka inda ake aikin. Daga 2008, Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka shiga wasu masaƙu a kewayen Mumbai. Suka tarar da zare jibge a sito ba lamba, tarkace ya tare hanya, inji kuwa sai ya tsaya ake tunawa da shi. Aka raba masaƙun ta ƙuri'a, wasu aka tura musu ƙwararru na tsawon watanni suna koya musu rubuta kowane aibi a yadi, da lissafin kayan sito, da duba injuna a kai a kai. Cikin shekara guda aikinsu ya ƙaru da kashi 17 cikin 100.

Wani zai ce ai wannan kowa ya sani. To, da yawa daga masu masaƙun sun san hanyoyin, ba su dai yarda za su kawo riba ba sai da suka ga alƙaluma. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ɗorewa: da masu binciken suka koma a 2017, an watsar da kusan rabin abin da aka koya, musamman inda manajoji suka bar aiki. Duk da haka, a lokacin masaƙun da aka horar suna gaban sauran.