Samanja Mazan Fama: Yadda Muƙamin Soja Ya Zama Sunan Mutum

Duk wanda ya saurari Rediyon Kaduna a shekarun 1970 da 1980, ko a Kano yake ko a Lafiya, wadda a lokacin take cikin Jihar Filato, ya san muryar Samanja. Amma kaɗan ne suka san cewa sunansa na yanka Usman Baba Pategi, kuma Banufe ne da aka haifa a shekarar 1942 a garin Pategi, cikin Jihar Kwara ta yanzu.

Kalmar samanja ba Hausa ba ce asalinta. Muƙamin saje-manja ne na sojan Ingila, wanda bakin Bahaushe ya lanƙwasa, kamar yadda ya yi wa kofur da saje. Shi ne babba a cikin ƙananan sojoji, mai tsawa a fagen fareti, wanda kurtu ke jin tsoronsa fiye da hafsa. To, Malam Usman ya san wannan mutum ciki da bai, domin shi kansa ya sa kaki a zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Daga bariki ya ɗauko wannan gurɓatacciyar Hausa da ake gauraya ta da Turanci, ya kawo ta rediyo da talabijin, har farar hula suka samu damar yi wa soja dariya a zamanin da soja ke mulki. A ganina wannan ba ƙaramar bajinta ba ce.

Irin wannan cuɗanya ta suna da wasa tsohon abu ne. A ƙasar Italiya an yi wata shahararriyar 'yar wasan dandamali, Isabella Andreini, wadda ta rayu daga 1562 zuwa 1604. Ta ƙware wajen fitowa a matsayin budurwa mai soyayya, har 'yan wasan ƙasar suka riƙa kiran wannan matsayi Isabella bayan rasuwarta. Mijinta Francesco kuwa, abin mamaki, soja mai cika baki yake fitowa. Watau ita ta bai wa wasa sunanta, shi kuwa Malam Usman wasa ne ya ba shi nasa.

Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna a watan Nuwamba na 2023, yana da shekara 81. Da labari ya bazu, abin da jama'a suka riƙa faɗa wa juna shi ne Samanja ya rasu.