Tsoron Nukiliya: Ya Kamata Ɗaliban Ashige Su Je Zariya Su Gani da Idonsu

Idan aka ambaci nukiliya a gaban ɗalibin sakandare a Ashige, cikin ƙaramar hukumar Lafiya, bam ne zai fara faɗo masa a rai. Haka ma iyayensa. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa fiye da shekara ashirin ke nan akwai tukunyar nukiliya da ke aiki a arewacin Najeriya, kuma 'yan ƙasa ne ke sarrafa ta. Tana Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ana kiranta NIRR-1, an kuma kunna ta a watan Fabrairun 2004. Makarantar da ke neman inda za ta kai ɗalibanta ziyarar ilimi, su dawo su shirya bidiyo mai amfani, da wuya ta samu wurin da ya fi wannan.

Tsoron nan yana da tushe, bai kamata a raina shi ba. Duniya ta fara sanin nukiliya ne da bama-baman da Amurka ta jefa wa Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945. Mu ma abin ya matso kusa da mu. A ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi, domin daga can iskar hunturu ke kwaso ƙura. Da Faransa ta ci gaba da gwaje-gwajen, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta daga Legas a watan Janairun 1961. Daga baya aka yi hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, inda ma'aikata da 'yan kwana-kwana 28 suka mutu cikin 'yan watanni saboda tiririn nukiliya, dubban yara kuma suka kamu da kansar ƙullun wuya (thyroid). A 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka lalata tashar Fukushima ta Japan, aka kwashe mutum sama da 100,000 daga gidajensu.

To, mene ne bambancin bam da tukunya? Yuraniyum ɗin da ake haƙowa, irin na Arlit a Nijar, kashi 0.7 cikin ɗari kawai ne nau'in da ƙwayar zarrarsa ke saurin rabewa. Idan niyutiron ya bugi wannan ƙwaya sai ta rabe, ta fitar da zafi da wasu niyutiron ɗin, su ma su bugi wasu. A cikin tukunya akwai sandunan da ke shanye niyutiron, da su ake rage aikin ko a tsayar da shi. A tashar lantarki, zafin ne ke tafasa ruwa, tururi ya juya injin da ke samar da wuta. Man irin wannan tasha ana tace shi ne zuwa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, na bam kuwa sai ya kai wajen kashi 90. Shi ya sa tashar lantarki ba ta fashewa irin fashewar bam. Haɗarinta shi ne man ya yi zafi ya narke idan ruwan sanyaya ya yanke, burbushin ya fita waje.

Tukunyar Zariya ƙarama ce, ƙirar China, ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne, wato kamar a kunna dutsen guga na lantarki talatin a lokaci guda. Ba ta ba kowa wuta. Aikinta shi ne bincike: a sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko abinci a cikinta, a gano sinadaran da ke ciki komai ƙanƙantarsu. Ga jihar da ake wa kirari da gidan ma'adinai kamar Nasarawa, wannan ilimi ne na kai-tsaye. Akwai kuma darasin tsaro a tarihinta. Da man da aka tace zuwa kashi 90 ta fara aiki. A 2018 aka sauya mata mai na kashi 13, aka mayar da tsohon man zuwa China, domin kada ya faɗa hannun ɓata-gari.

Idan Zariya ta yi nisa, akwai Sheda a yankin Abuja, inda aka gina cibiyar haska kayan abinci da hasken gamma. Irin wannan haske yana hana doya da albasa tsira a rumbu, yana kashe ƙwarin hatsi, kuma abincin ba ya ɗaukar tiriri. Ɗan manomin doya daga Ashige ya fi kowa sanin darajar wannan. Da irin hasken ne kuma ake ƙona ƙwayoyin kansa a asibitoci.

Bidiyon da ɗalibai za su shirya bai kamata ya zama talla ba. Kafin tafiya, su ɗauki waya su shiga kasuwa da majalisun dattawa, su tambayi mutane abin da suke tsoro, cikin ladabi da neman izini. Su riƙe waɗannan tambayoyi su kai wa masana. Su ƙara da nasu tambayoyin, domin gwamnati ta zaɓi Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom domin gina tashoshin lantarki na nukiliya, ta kuma rattaba hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, ko da yake ba a fara ginin ba. Ina za a adana sharar da ke daɗewa dubban shekaru tana fitar da tiriri? Ta yaya babbar tasha za ta zauna a kan layin wutar ƙasa da ke yawan durƙushewa? Hukumar NNRA mai sa ido kan harkar nukiliya tana da isassun ma'aikata da ikon cewa a'a? Wane darasi za mu koya daga Akokan a Nijar, inda aka rufe mahaƙar COMINAK a 2021, aka bar miliyoyin tan na tarkace kusa da gari? Su kuma tambayi ɗaya ɓangaren: mene ne illar hayaƙin janareta da na itacen girki da muke shaƙa kullum? Me ya sa tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu ke ba da wuta tun 1984, Masar kuma ke gina tata a El Dabaa?

Daga nan sai a haɗa muryar mai tsoro da amsar masani a bidiyo ɗaya, da Hausa da sauran harsunan yankin, a nuna wa iyaye a filin makaranta. Inda masani ya amsa, tsoro zai ragu. Inda amsa ta gaza, jama'a sun samu abin da za su tambayi gwamnati a kai.

Gani ya kori ji. Kira ga shugabannin makarantu, ƙungiyoyin iyaye da malamai, da ma'aikatar ilimi ta jihar Nasarawa: ku rubuta wa cibiyar Zariya ko ta Sheda takardar neman izini, ku bi ƙa'idojinsu na tsaro da ɗaukar hoto, ku tanadi mota. Yaran da ke aji a yau su ne za su yanke wa ƙasar nan shawara kan nukiliya gobe, ku ba su damar yanke ta da ilimi.