Makin Bak Goma da Rabi: A Dakata Kafin a Jinginar da Gona

Ranar da sakamakon jarrabawar bak ya fito, gida biyu ne ke kwana da sanin matsayinsu. Gidan da yaro ya faɗi sun san sai baɗi. Gidan da ya fito da maki 15 ko 16 cikin 20 sun san takardarsa za ta yi masa magana ko a ina. Masu zullumi su ne na tsakiya, waɗanda suka haye da 10 ko 11, wasu ma sai a zagaye na biyu. An yi guɗa, an ci tuwon murna, amma ba wanda ya san ina aka dosa. Daga Caduwa zuwa Gazawa, daga Tibiri zuwa Cadakori, irin waɗannan gidaje dillalan karatun waje ke farauta.

Yadda abin ke zuwa kusan iri ɗaya ne. Saƙon murya ya shigo ta WhatsApp, ko wani ɗan gari da ya daɗe a Yamai ya zo gaisuwa, ya durƙusa gaban maigida. "Baba, maki ba matsala ba ne, muna da mutum a ciki. Jika ɗari uku kawai za a fara bayarwa a buɗe dosiye." Bayan mako biyu sai ga takarda a waya, da tambari da rubutun Turanci, an ce yaro ya samu gurbi da tallafi. Sai kuɗin inshora, sai na fassara, sai na "ajiye wuri". Ayar da aka ɓoye ana jiran ta yi tsada ta tafi, sanuwar amalanke ta bi ta, daga nan a fara maganar gonar bayan gari. Uwa kuwa ta ɗauki adashinta ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Abin da dillali ba zai faɗa ba shi ne, tallafin karatu na gaskiya, wanda ɗalibai ke kira burs, ba a sayen sa. A Nijar guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke bai wa gwamnati suna bi ne ta hukumar ANAB da ke Yamai. Ana fitar da sanarwa, a faɗi sharuɗɗa, a jera masu nema bisa maki da shekaru da fannin da suka karanta. Tallafin gwamnatin Turkiyya kuma ɗalibi ne ke nema da kansa ta intanet, tsakanin Janairu da Fabrairu, ba a biyan ko dala. Sai dai suna son kashi 70 cikin 100 ga mai neman digirin farko, wato kamar 14 a namu lissafi, kashi 90 ga mai son likitanci, kuma kada ya kai shekara 21. Gara a faɗi gaskiya ko da ɗaci: mai goma da rabi ba ya cikin wannan layi a bana. Duk wanda ya ce zai cusa shi, aljihun ubansa yake kallo.

Faransa, wadda iyayenmu suka fi sani, hanyarta ta toshe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma a Janairun 2024 ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. Amurka kuwa, da yara ke gani a waya suna haɗiyar yawu, tana da nata lissafi. Gaskiya ne lokacin korona jami'o'i da yawa sun daina tilasta jarrabawar SAT, mai maki 1600, kuma da wannan dillalai ke kafa hujja. Amma MIT ta dawo da ita a 2022, Harvard da Yale suka bi sahu a 2024. Jami'o'in da ke ɗauke wa baƙo dukan nauyinsa ba tare da duba aljihunsa ba ƴan kaɗan ne, kuma Harvard ba ta ɗaukar ko mutum biyar cikin ɗari na masu nema. Sauran da ke karɓar mai matsakaicin maki suna karɓar sa ne don zai biya. Abin da suke kira tallafi rangwame ne: a yafe maka kashi ɗaya, a bar ka da ragowar da ko gonakin dangi duka aka sayar ba za su biya ba. Ga shi kuma a Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da ba da biza ta yau da kullum.

To, ina mafita? A ganina tana nan kusa, shi ya sa ake raina ta. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana Maraɗi, tafiyar da ɗan Gidan Rumji ko ɗan Agye zai yi da safe ya dawo da yamma. Akwai ta Abdou Moumouni a Yamai, akwai ta Damagaram da ta Tawa. Sirrin da ba a cika gaya wa yara ba shi ne, makin bak ba ya bin mutum har kabari. Idan ka yi shekara uku ka samu lisans, masu ba da tallafin masta makin jami'arka za su duba, da wasiƙar malaman da suka koyar da kai, da abin da kake son bincikawa. Yaron da ya yi bak yana kwana a zauren wani, yana karatu da tocila, ya fito da 10, ba daƙiƙi ba ne. Sau da yawa irinsa ne ke wuce tsara idan ya samu wurin zama da ɗakin karatu. Ɗan Gazawa da ya karanta ilmin noma a Maraɗi, wanda ya san aya da gero da yadda manoman yankin nan suka farfaɗo da itatuwan gao a gonakinsu, yana da abin faɗa da ɗan birni ba shi da shi. Na san yajin aiki da jinkirin shekarar karatu suna gajiyar da mutane, ban musa ba. Amma jinkiri a gida, kana cin tuwon uwarka, ba ɗaya yake da maƙalewa a ƙasar da ba ka da kowa ba.

Akwai kuma shirye-shiryen da ba maki kaɗai suke dubawa ba. Gidauniyar Mastercard tana ɗaukar nauyin ɗalibai a jami'o'in Afirka irin su Ashesi ta Gana da Gaston Berger ta Senegal, tana duba ƙarancin halin gida da irin hidimar da ɗalibi ya yi wa jama'arsa, duk da cewa a can ma ana son ƙoƙari a takarda. Waɗanda suka fito daga makarantun Faransanci da Larabci suna da Jami'ar Musulunci ta Say, da Azhar, da ta Madina. Masu kallon Katsina da Kano da Sakkwato kuma su sani Turanci ne jarinsu na farko, kuma hanyar shiga jami'a a Nijeriya ta hukumar JAMB take bi.

Wanda kuma ya ce shi da kuɗinsa zai biya, to ya tambayi darajar takardar da zai kawo. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba. Cikin kwanaki Nijeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gumi. A ƙasashenmu masu Faransanci akwai majalisar CAMES, wadda a Yamai aka kafa ta a 1968, mazauninta kuma Wagadugu. Ita ke tantance digirin da za a amince da shi. A tambayi makaranta ko fannin da take tallatawa yana cikin waɗanda aka amince da su, kuma a tabbatar a ma'aikatar ilmi mai zurfi, ba a bakin dillali ba.

Wasu tafiye-tafiyen kuma ba asarar kuɗi kaɗai ke cikinsu ba. Arewacin Saifurus, da ake tallatawa da sunan Turai, ƙasar Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, kuma a 2020 hukumar kula da ƴan Nijeriya mazauna waje ta gargaɗi iyaye kan tura yara can. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton ƴan matan Afirka da aka kai yankin Alabuga na Rasha da alkawarin karatu da aiki, suka tsinci kansu a masana'antar haɗa jirage marasa matuƙi na yaƙi. Iyayen ƴan mata su riƙe wannan da kyau.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi kayar da yaran karkara, kuma ba ya buƙatar ko mutum ɗaya "a ciki". Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, ta birebe ta ce Mamane, fasfo ya zo da wata shekarar haihuwa dabam saboda an rage shekaru lokacin shiga lakwal. Dosiye mai irin wannan saɓani ana ajiye shi gefe ko da maki 16 ne a ciki. Tun yaro yana ajin ƙarshe na lise a shimfiɗa takardunsa a tabarma, a kira mushensa ya karanta su harafi bayan harafi. Abin da ya saɓa a kai shi ofishin magajin gari ko kotu a gyara kafin sanarwar ANAB ta fito, domin wa'adin ajiye dosiye gajere ne, gyaran suna kuwa yakan ci watanni.