Daga Azagor zuwa filin sukuwa: ina ake samun mahaya, kuma wa ke koya musu?

Duk wanda ya taɓa halartar filin sukuwa na Yamai, ko na Maraɗi, ko na Damagaram, ya san yadda jama'a ke kiran sunan doki da na mai shi. Sunan yaron da ke bisa doki kuwa, ba kasafai ake tambayarsa ba. Alhali shi ne ya kwana a barga, shi ne ya riƙe linzami, kuma in doki ya yi tuntuɓe shi ne zai fara isa ƙasa.

Azagor ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Dakwaro, cikin jihar Maraɗi, wajen kwarin Tarka. Nan ne ƙasar noma take haɗuwa da ƙasar kiwo, wadda dokar shekarar 1961 ta shata wa iyaka. Buzaye da Fulani da Hausawa suna zaune tare, kuma dabba ita ce dukiya. A irin wannan wuri yaro yakan iya hawa tun bai iya ƙirga ɗari ba. Da jaki yake farawa, a hanyar rijiya, sa'an nan raƙumi, sa'an nan doki in gidansu akwai shi. Fari na 1973 da na 1984 sun rage dabbobi ƙwarai, doki kuwa dabba ce mai tsadar riƙo, domin gero yake ci tare da mutanen gida. Duk da haka ranar salla, ko naɗin sarauta, ko taryar babban baƙo, ba a rasa dawaki da raƙuma a fili.

Sai dai sukuwar salla dabam, sukuwar gasa dabam. A ta salla ado ake nunawa, da iya tsai da doki cak a gaban sarki. A ta gasa kuwa abu ɗaya ake nema, wato wanda ya riga isa. A nan ne nauyi ya zama babbar magana. Kowane kilo da aka ƙara wa doki yana rage masa gudu, musamman in tazara ta yi nisa. A ƙasashen Turai mahayan sukuwa ba su cika wuce kilo 50 zuwa 55 ba. Don haka mai doki, a ko'ina yake, idonsa yana kan yaro siriri, marar tsoro, wanda ya saba da dabba. Yaran ƙasar kiwo sun cika waɗannan sharuɗɗa duka uku.

Hanyar koyo ta gargajiya ta barga ce, kuma ba abin rainawa ba ce. Yaro yakan fara da shara da kwashe kashi a turke. Daga nan ya koyi ba da harawa da dusa da kanwa, ya san lokacin shayarwa, ya iya wanke doki da duba ƙofato. Sai an ga hankalinsa ya kwanta ake barinsa ya ɗaura sirdi, ya ja majayi, ya fita kilisa da sassafe a bayan manya. A kilisa ne yake gane halin kowane doki: wannan mai taurin baki ne, wancan yana tsorata da hayaniya, wancan kuma sai an ɓoye masa ƙarfinsa har kusa da ƙarshe. Ilmi ne na gaske, wanda shamakan sarakuna suka daɗe suna gadar wa na baya. Abin da ya rasa shi ne takarda. Yawanci da baki ake yin magana tsakanin uban yaro da mai doki, kuma maganar baki ba ta faɗin wanda zai biya likita ranar da ƙafa ta karye.

Wasu ƙasashe sun mai da abin makaranta. A Faransa ƙungiyar AFASEC tana karɓar yara tun daga shekara 14. Suna kwana a lakwal, da safe su yi aiki a barga, su kuma ci gaba da karatu har su sami takardar shaidar sana'a. Afirka ta Kudu ta buɗe makarantar mahaya a 1958, tana nan kusa da birnin Durban. Ingila ta buɗe tata a Newmarket a 1983. Can akwai wata dabara mai kyau: ana rage wa dokin da ɗan koyo ya hau nauyin kusan kilo 3, har yaron ya ci sukuwa 20, sa'an nan a dinga rage rangwamen kaɗan kaɗan har ya ci 95. Ta haka mai doki yake da ribar ba sabon hannu dama. Ko zaman da mahaya ke yi yau, a tsugune bisa gajerar likkafa, koyonsa aka yi: wani Ba'amurke, Tod Sloan, shi ya yaɗa shi a Ingila daga 1897, aka yi ta yi masa dariya har aka ga yana cinye gasa.

Akwai kuma misalin da ya kamata a guje wa. A ƙasashen Larabawa na bakin Tekun Fasha an daɗe ana kawo ƙananan yara daga ƙasashen waje, ana hana su abinci don kada su yi nauyi, ana ɗora su bisa raƙuman tsere. Sai a 2005 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta haramta sa wanda bai kai shekara 18 ba, yanzu kuma ƴan na'urori ne ake ɗaurawa a gadon bayan raƙuma.

Nijar ba ta rasa doka ba. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana ɗaukar yaro aiki, ko da koyon sana'a ne, kafin ya cika shekara 14, kuma tun shekarar 2000 ƙasar ta amince da yarjejeniya mai lamba 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana sa yara aiki mai haɗari. Akwai kuma tarayyar wasannin dawaki ta ƙasa, FENISEQ, mai kula da gasa. Amma doka da shekaru take aiki, shekaru kuwa sai da takardar haihuwa. A ƙasar makiyaya yara da yawa an haife su ne a ruga, nesa da ofishin magajin gari. Yaron da ba shi da takarda, duk shekarun da mai doki ya ba shi su ne nasa. Wannan aiki ne da ke hannun ƙananan hukumomi irin Azagor, da hakimai, da malaman yaƙi da jahilci: a yi wa yaro takarda, ko ta hannun alƙali in lokaci ya wuce, kafin a sa shi a mota.

Sauran magana ita ce ta girma. Yaro ba ya zama siriri har abada. Ranar da ya yi nauyi, wani ƙarami yana nan yana jiran sirdinsa. Wanda ya iya karatu da rubutu yana iya zama mai horar da dawaki, ko mataimakin likitan dabbobi, ko dillali mai riƙe lissafinsa da kansa a kasuwar Sakabal ko ta Dakwaro. Uban da aka zo neman ɗansa yana da ikon ya nemi a rubuta abu huɗu a gaban shaidu: abin da za a biya yaron, wanda zai ɗauki nauyin magani, lokacin da zai je karatu, da watan da zai zo ganin gida.